Mai Jar Hula da Mashi: Yadda Masu Zane Suka Siffanta Talakawan Juyin Juya Halin Faransa

A ranar 20 ga Satumba 1792, shagon Hannah Humphrey da ke titin Old Bond a Landan ya fitar da sabon zane na James Gillray, mai zanen zambo na Ingila. Wani iyali ne na mutanen Paris, sun zauna cin abincin dare bayan gajiyar wuni. Abin da ke kan teburin naman mutum ne. Wani zai kai ƙwayar ido baki, wani yana gwaguyar hannu, wata tsohuwa a bakin murhu tana shafa wa gawar yaro mai tana gasawa, ƙananan yara kuma sun durƙusa suna wawar hanji a cikin baho. Mazan babu wando ko kaɗan a jikinsu. Ɗaya ya ɗora ɗuwawunsa a kan buhun dukiyar da aka kwaso, ɗayan a kan gawar wata mata da aka yanka.

Ba a cika wata guda ba, ranar 14 ga Oktoba, aka yi biki a Paris na murnar shigar sojojin Faransa yankin Savoie. Louis-Léopold Boilly ya zana wanda ya riƙe tuta a bikin: ƙaƙƙarfan mutum tsaye ƙyam, da dogon wando da takalmin katako, lofe a baki, a jikin tutarsa mai launi uku an rubuta 'yanci ko mutuwa. Fuska a natse, tufafi tsaf. Zanen yana gidan tarihi na Carnavalet a Paris, kuma yana cikin waɗanda littattafan makaranta suka fi ɗauka idan za su nuna talakan juyin juya hali.

Mutum iri ɗaya ake nufi a zanen biyu, kuma a duka biyun babu ma'aikaci na gaskiya. Gillray yana Landan, labarin jarida ya samu ya ƙara masa gishiri. Wanda Boilly ya zana kuwa Simon Chenard ne, mawaƙi ɗan wasan kwaikwayo, wanda ya sa kayan talaka saboda ranar biki. Nan gizo ke saƙa. Mutanen da suka fasa kurkukun Bastille, suka tumɓuke sarki, kusan duk siffarsu da ta iso gare mu wasu ne suka zana ta, ko dai maƙiyi mai son tsorata jama'a, ko masoyi mai son amfani da su.

Faransawa suna kiransu sans-culottes, wato marasa culotte, ɗan matsattsen wandon nan mai tsayawa a gwiwa da masu sarauta da lauyoyi da attajirai ke sawa tare da doguwar safa ta siliki. Mai aikin hannu dogon wando yake sawa har idon sawu. Sunan da gori ya fara, zuwa 1792 suka karɓe shi suka mai da shi kirari. Bahaushe ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya san abin da babbar riga da rawani ke faɗa tun kafin mai su ya buɗe baki, ya kuma san abin da 'yar shara ke faɗa. Sauran kayan da suka cika siffar su ne gajeriyar rigar sama, da takalmin katako, da mashi, da jar hula mai lanƙwasa a gaba, wadda aka danganta da hular da Rumawa ke bai wa bawa ranar da aka 'yanta shi.

Ba ma'aikatan manyan masana'antu ba ne, don a lokacin Paris birnin ƙananan shaguna ne. Kafintoci ne da maƙera da dukawa da teloli da magina da masu sayar da giya, tare da yaran shagonsu da 'yan dako, yawancinsu daga unguwannin Saint-Antoine da Saint-Marcel. Sau da yawa maigida da yaransa gida ɗaya suke kwana, tukunya ɗaya suke ci. Akwai ma masu hali a cikinsu: Antoine Santerre, wanda ya zama kwamandan dakarun sa-kai na Paris, yana da babbar masana'antar giya. Siyasarsu a majalisun gundumomi 48 na birnin suke yinta, da dare bayan an rufe shago. Wata takarda ta 1793 ta siffanta ɗayansu da cewa mutum ne mai tafiya a ƙafa, ba shi da miliyoyi, ba shi da fada, ba shi da bara, yana zaune da matarsa da 'ya'yansa a hawa na huɗu ko na biyar, ya iya noma da ƙira da yanka katako da rufin ɗaki da ɗinkin takalmi. Babban abin da ya dame shi burodi ne. Burodi mai nauyin kusan kilo biyu da aka saba saye a kan su 8 ko 9 (su shi ne sunan ƙaramin kuɗinsu na lokacin), ya haura su 14 a 1789, alhali lebura su 20 zuwa 30 yake samu a wuni. A riƙe wannan lissafi, domin shi ne abin da ya fi wuyar gani a cikin zane-zanen.

A 1789, da takunkumin da gwamnatin sarki ta sa wa ɗab'i ya warware, zane-zane masu arha suka cika kasuwa. Wanda ya fi shahara ya nuna tsohon manomi ya sunkuya, ya dogara da fartanya, limamin coci da basarake suna zaune a gadon bayansa, zomaye da tsuntsaye suna cinye masa shuka. A ƙasa aka rubuta fatan wannan wasa ya kusa ƙarewa. Ba a daɗe ba aka fitar da ɗan'uwansa, inda manomin ne a sama basarake a ƙasa, yana cewa dama ya san ranarsu za ta zo. Talakan waɗannan zane-zane abin tausayi ne, ko abin dariya mai daɗi. Muddin yana sunkuye, kowa nasa ne.

Tausayin ya fara gushewa da ya miƙe da mashi. Ranar 14 ga Yuli aka sare kan de Launay, kwamandan Bastille, aka zaga da shi gari. Ranar 22 ga watan aka rataye Foullon, wani babban jami'in sarki, a jikin ƙarfen fitilar titi, aka cusa wa kansa ciyawa a baki saboda jita-jitar cewa ya ce masu jin yunwa su ci ciyawa, sannan aka kai kan gaban surukinsa Bertier kafin shi ma a kashe shi. Jean-Louis Prieur, wanda ya zana jerin manyan ranakun juyin, ya zana wannan ma. Abin lura a aikinsa shi ne nisan da yake tsayawa. Gine-gine dogaye, mutane ƙanana birjik a ƙasa, tsinin mashi ya yi cirko-cirko a sama, ba a cika tantance fuskar kowa ba. Prieur ɗan gida ne, har ya zauna cikin masu yanke hukunci a kotun juyin juya hali, aka kuma fille masa kai a Mayu 1795 saboda haka. Duk da haka taro ya zana, mutum ɗaya mai suna da sana'a bai fito ba.

Fuskar da duniya ta riƙe daga Ingila ta fito, kuma tana da tsohon tushe. Tun a 1748 William Hogarth ya zana ƙofar garin Calais, inda sojojin Faransa ramammu ke haɗiyar yawu suna kallon ƙaton naman sa da za a kai masaukin Ingilishi. Shekaru da dama Bafaranshen zanen zambo na Landan haka yake: ƙashi da rai, takalmin katako, romo ba nama. A da ana cewa sarkinsa da limamansa ne suka ramar da shi. Bayan 1792 sai aka ɗauko ramammen nan, aka sa masa jar hula, aka ce 'yanci ne ya ramar da shi. Dalilin ya juya gaba ɗaya, jikin bai canza ba.

Kada a ɗauka cewa jinin da Gillray ya zana duk ƙage ne. A farkon Satumba 1792 sojojin sarakunan Jamus da Ostiriya sun kutsa Faransa, garin Verdun ya faɗi, tsoro ya game Paris cewa da zarar maza sun tafi fagen daga fursunoni za su fito su yanka iyalansu. Daga 2 zuwa 6 ga watan gungun mutane suka shiga kurkukun birnin suka kashe tsakanin mutum 1,100 da 1,400, da takobi da gatari da kulki. An kashe limaman coci fiye da 200. An kashe Gimbiya de Lamballe, aminiyar sarauniya, aka soke kanta a mashi aka kai gindin hasumiyar da ake tsare da iyalan sarki. Wannan ta'asa ce, kuma waɗanda aka gurfanar a kanta daga baya mafi yawansu masu sana'ar hannu ne da masu shago. Ba ni da wani uzuri da zan nema musu. Amma jaridun Landan ba su tsaya a kan abin da ya faru ba, sun ƙara da labaran gasa mutane da rai da cin namansu, waɗanda ba su da tushe. Sannan akwai abin da zanen ya ɓoye: fiye da kashi biyu cikin uku na waɗanda aka kashe fursunoni ne na laifuffukan yau da kullum, ɓarayi da masu jabun kuɗi da mata masu zaman kansu, har da yara matasa da ke tsare a Bicêtre. Talaka ne ya fi mutuwa a hannun talaka. A zanen Gillray kuwa sai kambi da lu'ulu'u, don mai saye ya ga kansa a cikin faranti.

Daga nan ya ci gaba. Ranar 12 ga Fabrairu 1793, mako uku bayan fille kan Sarki Louis na 16, kwana goma sha ɗaya bayan Faransa ta ayyana yaƙi da Birtaniya, ya fitar da wanda ya kira ƙololuwar ɗaukakar Faransa. Mai jar hula ya haye ƙarfen fitilar titi, ɗuwawu a waje, yana kaɗa goge, ƙafarsa a kan wani bishop da aka rataye, can ƙasa ana fille kan sarki, coci na ci da wuta. Gillray ya ɗauki sunan nasu a zahirinsa, tunda an ce marasa wando, sai ya tuɓe su. Da wannan dabara ɗaya tufar aiki ta koma tsiraici, mutumin da ke alfahari da sana'arsa ya koma wanda bai san kunya ba.

Don wa aka yi waɗannan? Kafintan Saint-Antoine ba zai taɓa ganinsu ba. Mutanen Ingila aka nufa. Littafin Thomas Paine a kan haƙƙin ɗan Adam, wanda ya fito a 1791 da 1792, yana yawo a hannun masaƙa da maƙera. A Janairu 1792 wani mai ɗinkin takalmi, Thomas Hardy, ya kafa ƙungiya a Landan mai neman kowane namiji baligi ya samu ƙuri'a, kuɗin shiga kwabo ɗaya a mako. Masu mulki suka tsorata. A Nuwamba na shekarar John Reeves ya kafa ƙungiyar kare 'yanci da dukiya daga masu son jamhuriya, ita ce ta yaɗa zanen da Thomas Rowlandson ya sassaƙa mai da'ira biyu. A ta farko wata mata mai kamala tana zaune a gindin itace da ma'auni a hannu, zaki kwance a gefenta, wai 'yancin Birtaniya. A ta biyu wata mummunar mata mai gashin macizai ta taka gawa marar kai, tana riƙe da mashi mai kai uku da aka soke kan mutum a jiki, wai 'yancin Faransa. Ƙarƙashin ɗaya aka jera addini da ɗa'a da biyayya da wadata, ƙarƙashin ɗayar aka jera kafirci da tawaye da kisa da yunwa da daidaito, sannan aka tambaya wanne ya fi. A lura da inda aka ajiye daidaito, cikin jerin masifu. Zanen Gillray mai launi yana da tsada, masu hali ke saye, talaka sai dai ya leƙa ta tagar shago. Wannan kuwa an karya farashinsa ana sayarwa ɗari-ɗari don a raba, har a jikin kofuna da butocin tangaran aka buga shi.

Gillray ya fi Rowlandson wayo, shi ya sa aikinsa ya fi daɗewa. A zanensa na Disamba 1792 ya sa Bafaranshe ramamme yana cin ɗanyar albasa, da dodon koɗi a tukunyar fitsari, yana yabon 'yanci da yalwa, a gefe guda ƙaton Baturen Ingila yana yankar gasasshen naman sa yana kukan haraji zai kashe shi da yunwa. Ya taɓa nasa mutumin ma, amma darasin a fili yake: ka yi shiru, ka fi maƙwabcinka. A Maris 1793 ya zana Charles James Fox, jagoran 'yan adawa a majalisar Birtaniya, ba wando, hannu jina-jina, yana rawar Faransawa. Daga lokacin duk wanda ya nemi gyara a Ingila ana iya sa masa jar hula a gama da shi. A 1794 aka gurfanar da Hardy kan cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kisa ne, masu taya alƙali hukunci suka wanke shi. Daga ƙarshen 1797 Gillray ya fara karɓar fam 200 a shekara a asirce daga ɓangaren gwamnati, ta hanyar George Canning. Ko bayan yaƙin ya ƙare siffar ba ta mutu ba: a 1819, watanni kaɗan bayan mahaya dawaki sun afka wa taron masu neman ƙuri'a a Manchester sun kashe mutum fiye da goma, George Cruikshank ya zana 'yan gyara na Ingila a matsayin mace da namiji bugaggu, da jajayen huluna, a gefen injin fille kai.

Maƙiyi ke nan, kuma ba a yi mamakinsa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikin masoya.

Jaridar da talakawan Paris suka fi so ita ce Père Duchesne. A goshinta akwai zanen wani mai gina murhu, da gashin baki da lofe, da bindigogi a ɗamara, ya ɗaga gatari a kan wani limami da ya durƙusa. Yana magana da bakin 'yan kasuwa, ashar a kusan kowane layi. Marubucin, Jacques-René Hébert, ɗan wani maƙerin zinariya ne mai hali daga garin Alençon, ya yi karatu, kuma ba haka yake magana a gidansa ba. Ya ƙirƙiri talaka yadda yake ganin talaka, ya sayar wa talaka. Robespierre kuwa, wanda ya hau mulki da ƙarfin waɗannan mutane, tun a Maris 1792 ya nuna ba ya son yayin jar hula, kuma har ranar da aka kashe shi bai bar wandon gwiwa da gashi mai hoda ba.

Babban mai zanen juyin, Jacques-Louis David, ɗan majalisa ne kuma aminin Robespierre. A Nuwamba 1793 ya kawo shawarar a gina ƙaton gunki na al'ummar Faransa a tsakiyar Paris, a gadar Pont-Neuf, mai tsawon mita 15, cikin siffar Harkulis, gwarzon tatsuniyoyin Girkawa, da kulki a hannu. Za a narka igwogin da aka ƙwace daga abokan gaba a zuba shi, a ɗora shi a kan ɓaraguzan gumakan sarakuna da aka farfasa a cocin Notre-Dame. A goshinsa za a rubuta haske, a damatsansa ƙarfi, a hannayensa aiki. Ba a taɓa gina shi ba. Amma tunanin da ke bayansa ya bayyana: al'umma ƙato ne mai ƙwanji, wanda wani zai rubuta wa ma'anarsa a jiki. A wannan lokaci jaridar Révolutions de Paris ta buga nata Harkulis ɗin, da jar hula da wando naɗe, ya riƙe wani ɗan mitsitsin sarki a kan wuta zai maka masa kulki, aka sa masa suna al'umma mai cin sarakuna. Shekara guda bayan Gillray ya zarge su da cin mutane, masoyansu suka karɓi zargin suka yi ado da shi.

Har tsiraicin ma sun karɓa. A Satumba 1793 Kwamitin Tsaron Jama'a, wanda ke riƙe da mulkin ƙasar, ya umarci David ya yi zanen zambo a kan maƙiyan jamhuriya. Ɗaya daga cikin biyun da ya kawo ya nuna rundunar Ingila a matsayin tuluna masu ƙafafu, Sarki George na 3 a gaba, talotalo yana jansa, talotalon kuwa firayim minista William Pitt ne. A saman ƙofar gari masu jar hula sun tsuguna suna yi wa rundunar kashi a ka. Da aka ce wa David ɗin dai ya tsara tufar da ɗan jamhuriya zai riƙa sawa, a 1794, bai ko kalli dogon wando da takalmin katako ba, ya zano matsattsun kaya da mayafi irin na dandalin wasa.

Duk wannan yabo yana gudana ne a daidai lokacin da ake ɗaure musu hannu. A Satumba 1793, bayan sun cika majalisa suna neman burodi, an ba su dokar ƙayyade farashi, amma a watan aka taƙaita taron gundumomi zuwa sau biyu a mako, aka kuma kama Jacques Roux, limamin da ya fi kowa ɗaga murya kan masu ɓoye abinci. Ranar 24 ga Maris 1794 aka fille kan Hébert. A Yuli aka fitar da jadawalin ƙayyade albashi a Paris wanda ya zaftare ladan ma'aikata da yawa, kwana huɗu kafin faɗuwar Robespierre. Da ya nemi gundumomi su fito su cece shi, kaɗan ne suka tsaya.

Mata sun fi shan wahala a hannun masu zane. Matan kasuwa ne suka taka daga Paris zuwa Versailles cikin ruwan sama ranar 5 ga Oktoba 1789 suna neman burodi, washegari suka dawo da sarki birni. Zanen farko-farko ya nuna su suna jan igwa, wasu da fara'a. A Mayu 1793 Pauline Léon da Claire Lacombe suka kafa ƙungiyar mata 'yan jamhuriya, ranar 30 ga Oktoba majalisar maza ta haramta duk ƙungiyoyin mata. Abin da ya saura a idon duniya shi ne mace mai saƙa a gindin injin fille kai, tana ƙirga kawuna. Asalin abin kuwa mata ne matalauta da ke zuwa sauraron muhawara a majalisa da saƙarsu a hannu, don ba su da wunin da za su zauna hannu rabbana. Littafin Charles Dickens na 1859 a kan biranen biyu, Landan da Paris, da Madam Defarge ɗinsa, shi ya ƙarasa kafe siffar.

Idan akwai wanda ya kusanci kallonsu da idon maƙwabci, Jean-Baptiste Lesueur ne. Ya zana ƙananan mutane da fentin ruwa a kan kwali, ya yanke su ya manna, gomominsu suna Carnavalet. A wurinsa ake ganin mata zaune a ƙungiyarsu ɗaya tana karanta musu jarida, wata tana jefa kuɗi a faranti, ana ganin masu dasa itacen 'yanci, da ma'aikata da kayan aikinsu, har da ƙarancin burodi. Mutane ne masu tsayi irin na mutane. Amma shi ma a ƙarƙashin masu saƙarsa an rubuta cewa ana biyansu kuɗi su 40 a rana don su je su tafa wa masu jawabi.

Sai a takardun gwamnati da na 'yan sanda aka samo su. A 1790 an tantance mutum 954 a matsayin waɗanda suka ci Bastille. Masanin tarihi George Rudé ya bi sunayen 662 da aka san sana'arsu, ya samu kafintocin gini 49, masu ƙera kayan ɗaki 48, maƙeran makulli 41, masu takalmi 28, da mace ɗaya mai wanki, Marie Charpentier. Mutane ne masu adireshi da sana'a. Donald Greer kuma, a 1935, ya ƙirga hukuncin kisa kusan 16,600 da kotunan juyin suka yanke a zamanin da ake kira na Ta'addanci, 1793 zuwa 1794, a faɗin ƙasar, ya samu masu sarauta wajen kashi 8 cikin ɗari ne, ma'aikata kashi 31, manoma kashi 28. Zanen da muka gada yana sa basarake a ƙarƙashin wuƙa, talaka a gefe yana shewa, alhali fiye da rabin waɗanda wuƙar ta ci talakawa ne.

Ƙarshensu ya zo a 1795. An soke dokar farashi a Disamba 1794, sanyi ya yi tsanani, rabon burodi a Paris ya sauka ƙasa da giram 100 a wasu ranaku. Ranar 20 ga Mayu taro ya kutsa majalisa, mata a gaba, suna kiran burodi da tsarin mulkin 1793. Aka kashe ɗan majalisa Féraud, aka ɗaga kansa a mashi gaban Boissy d'Anglas da ke kan kujerar shugaba, shi kuwa ya ƙi tashi. Bayan kwana uku sojoji suka kewaye Saint-Antoine suka karɓe makamai. Daga nan masu zanen Faransa ma suka koma layin Landan, suna nuna kwamitocin unguwa a matsayin ɗakin mashaya jahilai, ana kiransu mashaya jini.

Bayan juyin Yuli 1830, wanda shi ma ma'aikatan Paris ne suka zubar da jini a cikinsa, sabuwar gwamnatin Louis-Philippe ta sa gasar zanen da za a rataye a zauren majalisa. Cikin duk ranakun juyin farko, ɗaya daga cikin waɗanda ta zaɓa ita ce ranar kan Féraud: mai mulki zaune daram, talakawa sun haukace a gabansa. Auguste Vinchon ya ci gasar, amma a ƙarshe ba a rataye zanen a majalisa ba, aka tura shi garin Annonay. A 1830 ɗin dai Eugène Delacroix ya zana 'Yanci tana jagorantar jama'a, mace mai jar hula da tuta, ma'aikaci da takobi a gefe, yaro da bindigogi biyu. Nan ma'aikaci ya samu fuska da mutunci. Masu sharhi suka ce matar ƙazama ce, kamar mai sayar da kifi. Gwamnati ta saya a 1831, ta nuna shi na ɗan lokaci, sannan ta janye shi daga idon jama'a shekaru da yawa.

A 1871 ma'aikatan Paris suka sake karɓe birnin na wata biyu, aka sake ɗauko tsohon zanen. Wannan karon mai saƙa ta koma mai gwangwanin kananzir, tsohuwa mai yamutsattsen gashi da aka ce tana bin gidaje tana cinna wuta. Jaridu suka buga ta, jita-jita ta kai adadinsu dubbai. Masana tarihi ba su samu shaidar wata rundunar mata masu ƙone-ƙone ba, amma a makon 21 zuwa 28 ga Mayu, lokacin da sojojin gwamnati suka kashe dubban mutane a titunan birnin, an harbe mata matalauta saboda an gan su da kwalba ko gwangwani a hannu. Zanen Delacroix bai shiga Louvre ba sai a 1874.